"Ai da ya bi umarni da ba a taɓa shi ba": maganar da ta ishe ni

Akwai wata magana da nake gani a guruf ɗinmu na WhatsApp duk lokacin da bidiyo ya faɗo na ɗan sanda yana jibgar wani, ko a Amurka ne ko a nan Ghana. Kafin ma a gama kallo sai wani ya rubuta, "ai da ya bi umarni da duk wannan bai faru ba." Kuma abin da ke ƙona min rai shi ne yawanci ba mugaye ke rubutawa ba, mutanen kirki ne, irin alhazan da muke sahu ɗaya da su da asuba, waɗanda in an kama ɗan maƙwabci su ne na farko da za su saka babbar riga su tafi beli. To yau dai na ce bari in zauna in amayar da abinda ke cikina a kan wannan magana, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Rabin maganar gaskiya ce, wannan ba na musu. Ni ina sayar da kayan gyaran babur a Magazin, can Suame a nan Kumasi, kuma sau da yawa sai dare nake komawa gida Aboabo a kan babur, saboda haka shingen 'yan sanda ba labari ake ba ni ba. Ranar da ƙanina ya fara hawa babur da kansa ban ba shi makulli ba sai da na zaunar da shi na yi masa karatu kamar na allo. Na ce in ka hango tocila tana lilo tun daga nesa ka rage gudu, kar ka kuskura ka juya ko da ka tuna ka bar laisin a gida, don juyawar nan ita ce ke sa a ɗaga bindiga. Ka tsaya inda aka nuna maka, ka kashe injin, ka cire hular kwano a ga fuskarka, hannunka biyu su zauna a kan kan babur. In an ce kawo takarda, kar ka zura hannu aljihu haka kawai, ka fara cewa ofisa takardar tana aljihun baya zan ciro. In ya zage ka ka haɗiye. In ya zagi babanmu ma ka haɗiye, ka dawo gida ka gaya min, gobe da rana a san abin yi. Ya ce Yaya ai wannan tsoro ne, na ce eh tsoro ne, kuma Mma ta fi son ɗa matsoraci a kan ɗan da za a je a ɗauko a macuware.

To kun ga ni ma mai wa'azin bin umarni ne. Inda muka rabu da alhazaina shi ne, ni a wurina wannan dabara ce ta komawa gida da rai, su kuma sun mayar da ita hukunci, wato duk wanda aka daka ko aka harbe to lallai shi ya ja wa kansa. Da zarar ka faɗi haka ka sauke kayan daga kan mutumin da gwamnati ta horar, ta ba shi kaki da albashi da bindiga, ka ɗora a kan yaro ɗan shekara 19 da jikinsa ke rawa an haske masa ido. Wa ya kamata ya fi natsuwa a cikinsu?

Bari in gaya muku yadda abin yake a kusa, don wasu masu maganar a cikin mota mai gilashi a rufe suke wuce shingen, a ɗaga musu hannu ma. Wani dare ina dawowa, ruwa ya ɗan tsagaita, na tarar an gindaya katako mai ƙusoshi da wata tsohuwar durom a tsakiyar titi. A gabana akwai wani bawan Allah shi ma a babur, riga da wando na ofis, jaka a baya. Aka haska shi, suka yi 'yar magana da Tonanci, yaren Tonawa wato Asante, aka yi dariya, ya wuce. Ni kuma ina sanye da jallabiya don daga shago na biya masallaci. Tocila ta sauka a fuskata ta ƙi tashi. Daga ina, ina za ka, me ke cikin buhun nan, babur ɗin na wa. Na amsa duka, na miƙa laisin da inshora da takardar babur, komai daidai. Sai ya karanta sunana a hankali yana jan kowane harafi, ya ce ina kake zama, na ce Aboabo, sai ya juya ya ce wa abokinsa ai ka ji, yaran Zango ne. Ni da furfura ta fara fito min a gemu. Aka zazzage buhun a kan titi mai ruwa, filogi da sarƙar babur da kebur duk suka watse, aka ce in ɗaga jallabiyar a ga ƙuguna. Ban ce uffan ba. Ba a mare ni ba, ba a karɓi ko sidi ɗaya ba, a ƙarshe ma ya ce in tafi Allah ya kiyaye. Na durƙusa ina tsintar kayana a cikin taɓo da hasken waya. Na bi umarni ɗari bisa ɗari, wancan na gabana shi ma ya bi, amma ba abu ɗaya aka yi mana ba, kuma bambancin ya fara ne tun kafin ɗayanmu ya buɗe baki.

Wannan shi ne abinda baƙaƙen Amurka suka daɗe suna faɗa ana cewa ƙorafi ne ya yi musu yawa. Duk wanda ke cewa bin umarni ya wadatar, ya je ya nemi labarin Philando Castile. A watan Yulin 2016 ne, a jihar Minnesota, aka tsayar da shi yana tuƙi, budurwarsa na gefe, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. An ce masa fitilar birki ce ta mutu, amma daga baya da aka saurari rediyon ɗan sandan sai aka ji yana gaya wa abokin aikinsa wai direban ya yi kama da wani da ake nema kan fashi, saboda faɗin hancinsa. Faɗin hanci fa! Mutumin nan ya tsaya, ya miƙa takardar inshora, sannan da bakinsa cikin ladabi ya sanar da ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa, kuma yana da izinin riƙe ta a doka. An ce ya kawo laisin, laisin na cikin walat, an kuma ce kar ya kai hannu, to wanne zai bi? Cikin 'yan daƙiƙu aka sakar masa harsashi 7. Budurwar ta kunna Facebook kai tsaye duniya na kallo yana zubar da jini. Shekara na zagayowa, a 2017, kotu ta wanke ɗan sandan. Kuma kafin wannan daren an tsayar da Castile a hanya fiye da sau 40 a rayuwarsa, yawanci a kan ƙananan abubuwa, wato in akwai wanda ya haddace yadda ake tsayawa a gaban ɗan sanda to shi ne.

Wanda ya fi taɓa ni kuwa Amadou Diallo ne, watakila don kusan kowane gida a Zango yana da wani a Bronx, ana turo dala ana turo hotunan sallah a cikin dusar ƙanƙara. Bafulatani ne ɗan Gini, shekararsa 23, yana tallan kaya a bakin titi. A daren 4 ga Fabrairun 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka nufo shi, ya zura hannu ya ciro walat. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ba bindiga ba wuƙa. A shekarar 2000 aka wanke su duka huɗun. Ka tuna abinda kowane baƙo ke yi in hukuma ta tare shi a ƙasar da ba tasa ba, takarda yake fara nema. Shi ya sa nake nanata wa ƙanina maganar aljihu.

Wani zai ce ai waɗannan ɗaiɗaiku ne, tsautsayi ne. To akwai lissafi, don su can suna rubuta komai. A birnin New York a 2011 kaɗai 'yan sanda sun tare mutane a ƙafa sun yi musu tambayoyi ko sun lalube su fiye da sau 685,000, mafi yawansu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sake su ba tare da an same su da komai ba. A 2013 wata alƙaliyar kotun tarayya ta yanke cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Masu bincike na jami'ar Stanford kuma sun tattara bayanan tsayar da motoci kusan miliyan 100, suka yi wata dabara mai kyau: suka duba me ke faruwa in duhu ya shiga, lokacin da ɗan sanda ba ya iya ganin fuskar direba daga nesa. Sai aka ga kason baƙaƙen da ake tsayarwa yana raguwa da dare. Tuƙinsu ba ya gyaruwa da magariba, fatar ce aka daina gani.

Sai kuma binciken da masu "da ya bi umarni" suke son kawowa ba tare da sun karanta shi duka ba, na Roland Fryer, wani farfesan tattalin arziki baƙar fata a Harvard, a 2016. Gaskiya ne ya ce a bayanan da ya duba na birnin Houston bai ga bambancin launi ba wajen harbi da bindiga, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kan hakan, wasu masana suka ce ai lissafin ya fara ne bayan an riga an tsayar da mutum, bai ƙirga son zuciyar da ke cikin zaɓen wanda za a tsayar ba. Amma a cikin wannan binciken dai ya gano cewa wajen turewa da haɗa mutum da bango da saka ankwa da makamantansu, baƙaƙe sun fi fuskantar hakan da kusan kashi 50 cikin ɗari. Kuma ko a cikin waɗanda ɗan sandan da kansa ya rubuta cewa sun bi umarni ba su yi gardama ba, baƙi ya fi fari shan hannu da kusan kashi 21. Ɗan sanda ne ya shaida ka bi umarni, kuma duk da haka.

Na san abinda ke bakin wasu yanzu: to mu ina ruwanmu, a nan ai duk baƙaƙe ne, ɗan sanda baƙi, wanda aka tare baƙi. Haka ne. A Memphis ma a Janairun 2023 'yan sanda biyar da suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya zama ajalinsa duk baƙaƙe ne irinsa. Abin ba sai fari da baƙi sun haɗu ba, abu ne da ke shiga kan mai kaki game da wane irin mutum ne ake iya takawa ba abinda zai biyo baya. A can alamar fata ce. A nan alamar sunanka ce, da unguwarku, da jallabiya ko gemu, da yadda Tonancinka ke fita, da tsagar fuska in kana da ita, da kuma babur. Dokar hanya ta 2012 ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, kuma shekara da shekaru wannan ya sa duk yaron da ya goyo wani a baya, ko ƙaninsa ne, ya zama abin tarewa. Su wa suka fi hawa babur a Kumasi da Akra? Kowa ya sani.

Mu mutanen Asawase da Aboabo ba sai an kai mu Minnesota ba. Ranar 17 ga Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan Zangon nan a yankin Manso Nkwanta, suka fito suka ce 'yan fashi ne, an yi musayar wuta. Kwanaki kafin nan 'yan fashi sun kashe wani ɗan sanda a wancan yankin, saboda haka zuciya na tafasa. Na tuna yadda gari ya ɗauka a ranakun farko, a gidajen rediyo masu kiran waya har yabo ake yi, an rage mugun iri. Wa zai tsaya bincike, an ce 'yan fashi, an ce Zango, magana ta ƙare. Sai da matasa suka fito suka tare hanya suka ƙona taya, manya da malamai da sarakunan Zango suka tsaya tsayin daka, ɗan majalisarmu Muntaka Mubarak ya yi ta magana, sannan gwamnati ta kafa kwamiti. Kwamitin nan ya zauna ya saurari kowa ya fito ya ce babu wata hujja a gabansa da ke nuna cewa mutanen nan 'yan fashi ne ko sun yi musayar wuta da 'yan sanda. Aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki, gwamnati ta biya kowane gida sidi 250,000. To dan Allah wane umarni ne waɗannan bakwai ɗin suka ƙi bi? Wa ya ji ta bakinsu? Matsalar maganar kenan, wanda ya harba shi ke ba da labari, wanda aka harba yana kwance a maƙabartar Tafo.

Kuma wannan kallon da ake mana ba jiya ya fara ba. Kakanninmu har suka koma ga Allah suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, aka cika manyan motoci daga Zango-Zango, mutanen da aka haifa a nan aka binne iyayensu a nan suka sayar da gida a kuɗin akuya suka tafi ƙasar da ba su taɓa gani ba. Tun daga nan wani abu ya zauna a kan mutane cewa ɗan Zango baƙo ne har sai ya kawo shaida. Je ka ga layin yin Ghana Card ka ji irin tambayoyin da ake wa mai suna Fuseini ko Abdullahi waɗanda ba a yi wa wani. Shiga motar da ta taso daga Bawku ko Tamale ka ga wa ake cewa ya sauko a shinge. Abin dariya kuma abin takaici, aikin ɗan sandan ƙasar nan da kakanninmu aka kafa shi. Turawa sun kawo dakarun Hausawa na Kyaftin Glover daga Legas lokacin yaƙin da suka yi da Tonawa a 1873 zuwa 1874, kuma da irinsu aka gina rundunar farko mai ɗauke da makami. Wato an taɓa yin zamanin da mu ne ke riƙe da kulki, wasu ke rawar jiki. Ban tsammanin mun fi na yanzu tausayi ba a lokacin, Bature ya ce daka a daka.

Yanzu bari in juyo kanmu, don laifi tudu ne. Ɗan sanda ma ɗan wani ne, kuma tsoron da yake ji da dare ba na ƙarya ba ne. A watan Agustan 2019 a kusa da Kasoa wasu 'yan sanda biyu suka bi wata mota da ta ƙi tsayawa, wanda ke ciki ya harbe su har lahira da rana tsaka, ɗayansu ma sunansa Mohammed Awal. Duk ɗan sandan da ke tsaye a titi ya san wannan labarin. Kuma mu gaya wa kanmu gaskiya, akwai yaranmu da ke zaune a bes daga safe har dare ana ataya ana wasu abubuwan da ba ataya ba, akwai waɗanda 'yan siyasa suka mayar karnukan farauta har sai da majalisa ta yi doka a 2019 ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na jam'iyyu, akwai halin nan namu na in an kama ɗaya sai a yi gayya a tafi ofishin 'yan sanda da duwatsu tun kafin a san me ya yi. Wannan duk yana ƙara wa tocilar nan daɗewa a fuskar irina. Sannan mu da muke kuka ana mana kuɗin goro, ya muke yi in an ambaci Bafulatani? Da an ce an yi fashi a hanyar Yeji ko an ci gonar wani a Agogo, a cikin Zangon nan za ka ji ana cewa ai su ne, halinsu ne. Maganar da ɗan sandan nan ya faɗa a kaina ita muke faɗa a kansu, ko kunya ba ma ji.

Amma duk wannan bai ba kowa izinin duka ko kisa ba. Kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba, duk talaka yana cikin layi, mu dai muna gaba ne. A Yulin 2018 ɗin dai bidiyo ya zagaya na wani ɗan sanda yana dukan wata mata mai goyo a cikin wani ofishin ajiyar kuɗi a Akra, kuɗinta ta je karɓa. A Yunin 2022 a nan Kumasi ɗaliban Islamic Senior High na Abrepo suka fito titi saboda motoci na yawan kaɗe su a ƙofar makaranta, abinda suke nema kawai a saka tudun rage gudu, aka watsa musu barkonon tsohuwa aka yi harbi sama, aka kwashi yara da dama zuwa asibiti, sai da Sufeto Janar na lokacin Dampare ya taso da kansa aka ɗauki mataki a kan wasu manya. A Ejura a Yunin 2021 bayan rasuwar wani ɗan gwagwarmaya da ake kira Kaaka, sojoji ne suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga mutum biyu suka mutu. In ba don waya mai kyamara ba, da yawancin waɗannan da an ce mana su suka fara.

Abinda da yawanmu ba mu sani ba, doka ba ta ce a yi wa ɗan sanda biyayya irin ta bawa ba. Tsarin mulkin 1992 sashe na 14 ya ce duk wanda aka kama dole a gaya masa nan take dalilin kamun da yaren da yake ji, a kuma gaya masa yana da ikon ɗaukar lauya. Da yaren da yake ji fa, wato in Hausa kake ji to da Hausa. Ya ce in ba a sake shi ba a kai shi kotu cikin awa 48, kuma a Disambar 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa awa 48 ɗin har da Asabar da Lahadi da ranar hutu, saboda haka wasan nan na a kama ka ranar Juma'a da yamma a ce sai Litinin ba shi da gindi a doka. Sashe na 15 ya hana azabtarwa da wulaƙanta wanda aka kama, na 17 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Beli kuma kyauta ne, ko da yake duk wanda ya taɓa zuwa fitar da wani daga bayan kanta zai yi murmushi in ya karanta wannan. Ba ina cewa ka tsaya a shinge ƙarfe 11 na dare kana karanto wa mai AK sashe na 14 ba, wannan neman suna ne. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa ko lambar motar a kanka, ka lura da wuri da lokaci, in gari ya waye akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, akwai sashen ladabtarwa na 'yan sandan su kansu, akwai lauyoyi 'yan Zango yanzu ba kamar da ba.

Akwai kuma abinda ke ɓata maganar bin umarnin tun daga tushe, wato na goro. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da CHRAJ da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da laifuka ya nuna cewa a 2021, cikin mutanen da suka yi hulɗa da ɗan sanda, kashi 53 cikin ɗari sai da suka ba da wani abu ko aka nemi su bayar, kuma 'yan sanda ne a saman jerin. To in direban tirotiro ya san tsayawar nan ba don lafiyar taya ba ce, don sidi biyar ɗin da ke naɗe a cikin laisin ne, ta yaya zai ɗauki ɗaga hannun ɗan sanda da daraja? Yaron da ke da takardu cikakku aka karɓe masa makulli aka ce sai ya yi magana, gobe in ya hango tocila lungu zai shige. In ya gudu kuma an samu abin faɗa, ai da ya tsaya. Su suka koya masa gudun.

Lokacin da aka kashe George Floyd a Minneapolis a Mayun 2020, ɗan sanda ya danne masa wuya da gwiwa fiye da minti 9 yana kwance da ankwa a hannu (wane bin umarni ya rage wa mai ankwa?), ƙasar nan ta nuna alhini sosai, shugaban ƙasa ya yi magana, aka yi taron tunawa da shi a cibiyar Du Bois da ke Akra da manyan gwamnati. Washegari wasu matasa suka taru da dare a dandalin Black Star don su ma su kunna kyandir su kuma yi maganar zaluncin 'yan sandan gida, aka tarwatsa su aka kama jagoransu Ernesto Yeboah. Na Minneapolis ana iya yi masa kuka da hawaye, na Manso Nkwanta kuwa sai an nemi izini. Kuma a can ɗin, duk lalacewarsu, wanda ya danne Floyd an yanke masa shekara 22 da rabi.

Ni abinda nake so ba shi da yawa. Kenya na da hukuma mai zaman kanta da ke binciken 'yan sanda in sun kashe ko sun raunata mutum, Afirka ta Kudu ma na da ita, a nan ƙungiyoyin kare haƙƙi sun gaji da roƙon a kafa irinta, don ɗan sanda ya binciki abokin aikinsa da suke cin waakye a kwano ɗaya wasa ne. A saka kyamara a ƙirjin duk wanda zai tsaya a shinge, kuma in ta mutu a daidai lokacin da aka harbi wani to a tambaye shi dalili. A riƙa rubuta duk wanda aka tsayar, a ina, don me, an samu wani abu ko ba a samu ba, yadda wata rana mu ma za mu iya ɗauko lissafi mu ajiye a tebur maimakon mu yi ta rantsuwa ana cewa ƙorafi ne. Tun farkon 2025 mutumin da ya tsaya a majalisa yana kuka kan yaran Asawase bakwai, wato Muntaka, shi ne ministan cikin gida, 'yan sandan ƙasar nan gaba ɗaya a ƙarƙashin ma'aikatarsa suke. Yana zuwa gida sallah, yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure, kuma in ya zo layin da ake yi a gabansa na neman a saka yaro aikin ɗan sanda ko imigireshan ne. Ina so ko mutum biyar ne a cikin layin nan su ajiye takardar neman aiki su tambaye shi maganar hukumar binciken, da kuma inda aka kwana da shari'ar mutum 21 ɗin nan.